Kebul ko Wi-Fi: da wanne za ku haɗa kwamfutoci a zaman wasanku na farko?

Ranar da na fara tara abokai a ɗaki ɗaya don mu buga wasan kwamfuta tare, mu bakwai ne, kuma mun tsayar da ƙarfe huɗu na yamma lokacin farawa. Zagayen farko bai yiwu ba sai wajen tara na dare. Babu wanda ya makara, babu kwamfutar da ta mutu. Kowa dai ya buɗe tasa ya hau Wi-Fi ɗin gidan, wasan da muka zaɓa kuma ya kafe sai an sabunta shi kafin ya buɗe, sai kwamfutoci bakwai suka rufar wa rawuta ɗaya, wato akwatin da ke raba Wi-Fi da intanet a gida, suna jan fayil iri ɗaya lokaci guda. Da muka fita daga wannan, mutum biyu suka ce su sam ba sa ganin wasan da na buɗe a jerinsu. Da aka lallaɓa kowa ya shiga, wanda ke zaune can lungu ya riƙa ƙamewa a tsakiyar fili kamar an dasa shi, can kuma sai ya ɓullo a wani wuri daban. Har yanzu ina jin muryarsa: "Haba mutumina, wallahi tun ɗazu na harbe ka, a allona har ka faɗi!" A nawa allon kuwa ko ƙwarzane ban yi ba.

Tun daga ranar na gane cewa abin da mai shirya irin wannan zama zai fara yankewa shi ne yadda kwamfutocin za su yi magana da juna. Wane wasa za a buga, kwamfutar wa ta fi ƙarfi, duk daga baya suke zuwa. Hanya biyu ce: ko a ja kebul daga kowace kwamfuta zuwa akwati ɗaya, ko a bar kowa ya hau Wi-Fi. Ni dai ɓangaren kebul nake, ba zan ɓoye ba. Amma akwai zaman da jan kebul a cikinsa wahalar banza ce, kuma zan zo kansa.

Ga wanda bai taɓa halarta ba, ana kiran abin taron LAN. LAN ƙaramar hanyar sadarwa ce ta cikin gida ko ɗaki, wadda ke haɗa kwamfutoci kai tsaye ba tare da saƙonsu ya fita intanet ba. Abin ya samu gindin zama ne bayan fitowar Doom a watan Disamba na 1993, wasan da mutum huɗu ke iya fafatawa a cikinsa daga kwamfutoci huɗu, sannan Quake ya ƙara masa wuta a 1996. DreamHack ya faro a 1994 daga ɗan taron abokai a wata makaranta a garin Malung na ƙasar Suwidin, QuakeCon kuma a 1996 a garin Garland na jihar Teksas a Amurka. Daga baya duka biyun suka zama tarukan dubban mutane, kowa ya ɗauko kwamfutarsa daga gida. Abin lura shi ne, duk da irin ci gaban da Wi-Fi ya yi, a manyan tarukan nan kebul ake ja wa kowace kujera. Akwai dalili.

Yadda saƙo ke tafiya a kowace hanya

Mutane da yawa suna zaton wasa na cin hanya sosai. Ba ya ci. Abin da kwamfutarka ke aikawa 'yan ƙananan saƙonni ne: ga inda nake, na juya hagu, na danna harbi. A yawancin wasanni duk wannan bai kai megabit 1 a daƙiƙa ba ga mutum ɗaya. Abin da wasa ke buƙata shi ne saƙon ya isa a kan lokaci, kuma kullum a kan lokaci. Ɗauki wasan harbin nan Counter-Strike: Global Offensive. Kafin a maye gurbinsa a 2023, a gasannin yau da kullum sabarsa, wato kwamfutar da ke riƙe da wasan, takan lissafa halin da fili yake ciki sau 64 a daƙiƙa, kusan kowane milisakan 16 ke nan (milisakan 1,000 ne daƙiƙa ɗaya). Saƙon da ya makara da milisakan 50 ya rasa lissafi uku. A cikin lissafi ukun nan ne abokin hamayyarka ya gota, harsashinka ya bi iska.

A hanyar kebul, kowace kwamfuta tana da igiyarta ita kaɗai zuwa akwatin da masu sana'ar ke kira suwic. Tana aikawa tana karɓa a lokaci guda, babu mai jiran wani. Suwic ya san wace kwamfuta ce a wane rami, don haka saƙon da aka nufi ɗaya da shi ba ya damun sauran. Lokacin zuwa da dawowar saƙo, abin da 'yan wasa ke kira ping, ba ya kaiwa milisakan 1, kuma haka zai tsaya ko mutum biyu ne a ɗakin ko goma sha biyar.

Wi-Fi kuwa tamkar zaure ne mai bakin magana ɗaya. Duk na'urorin da ke kan tasha ɗaya, ɗaya ce kawai ke iya magana a lokaci guda. Kowace sai ta saurara tukuna, in ta ji shiru ta yi magana, in ta ji wata na yi ta ɗan jira. In biyu suka yi karo, duka su ja da baya su sake. Da mutum biyu ko uku ba ka jin komai, ping ɗin zai tsaya a 'yan milisakan kaɗan. Matsalar tana fitowa ne in aka yi yawa, kuma ba ta fitowa a matsakaicin lissafi, a tsalle-tsalle take fitowa: saƙo tara su wuce lafiya, na goma ya ɗauki milisakan 100 ko fiye. Wannan na goman shi ne ƙamewar nan da ake kira lag.

Akwai kuma wasu abubuwan da ke ƙara dagula shi waɗanda ba a gani da ido. Kwamfutar da ke nesa ko mai tsohon katin Wi-Fi a hankali take magana, kuma muddin tana yi sauran na jira, wato rauninta kowa yake shafa. Wayoyin hannun da ke aljihun baƙinka su ma suna kan layi, suna ɗora hotuna suna sabunta manhajoji. Kwamfutar kanta takan ɗan bar tashar lokaci zuwa lokaci don ta leƙa ko akwai wata Wi-Fi a kusa, a wannan ɗan leƙen ma saƙo na makara. A zangon gigahaz 2.4, tashoshi uku ne kacal ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma maƙwabta na kansu, Bluetooth da linzamin kwamfuta marar igiya ma a zangon suke. Ga jikin mutum, wanda yawancinsa ruwa ne, yana shanye siginar. Ɗakin da ka gwada da rana babu kowa, ba shi ne ɗakin da mutum goma ke ciki da dare ba.

Gani ya kori ji. Buɗe wurin rubuta umarni a Windows ka rubuta ping -t sannan adireshin rawutarka, wanda sau da yawa 192.168.1.1 ne ko 192.168.0.1. Bar shi ya yi minti biyu a kan Wi-Fi yayin da wani ke kallon bidiyo a gidan, sannan ka soka kebul ka sake. Kada ka kalli ƙaramar lamba, kalli mafi girma da ta fito.

Inda tazarar ta fi fitowa: kwafar wasa

Abin da ya fi cinye daren taro ba ma lag ba ne, jira ne. Kullum sai an samu wanda bai sauke wasan ba, ko wanda sigarsa ta tsufa. A nan lissafi kaɗai ya isa ya raba gardama.

Kebul mai gigabit 1 yana kwashe kusan megabayit 110 a daƙiƙa a aikace (megabit 8 ne ke yin megabayit 1). Wasa mai gigabayit 50 zai tashi daga wata kwamfuta zuwa wata cikin minti takwas ko ƙasa da haka, in dai faifan ajiyar ɓangarorin biyu na da sauri. Kuma yayin da mutum biyu ke wannan kwafa, sauran na iya ci gaba da wasansu ba su ma san ana yi ba. A kan tsohon suwic mai megabit 100, kwafar nan za ta haura awa ɗaya. A kan Wi-Fi, fayil ɗin sau biyu yake bin iska, daga mai bayarwa zuwa rawuta, daga rawuta zuwa mai karɓa, don haka saurin da aka rubuta a kwali ya rabu biyu tun kafin a fara, kuma duk tsawon kwafar masu wasa suna cikin uku.

In kuma daga intanet kowa zai sauke, ga yadda abin yake. Layi mai megabit 20 yana kawo megabayit 2.5 a daƙiƙa. Sabuntawa mai gigabayit 10 za ta ci wa mutum ɗaya awa ɗaya da 'yan mintuna. Mutum takwas a layin guda, kusan awa tara. Abin da ya same mu ke nan a ranar farko, sai dai namu fayil ɗin bai kai haka ba.

Steam, dandalin sayen wasanni da sauke su, ya kawo sauƙi a 2023 da ya ƙara damar ɗauko fayilolin wasa daga wata kwamfutar da ke cikin gida maimakon intanet. Sai an shiga saituna an buɗe shi ga abokai, kowa kuma sai ya mallaki wasan a akawun ɗinsa, kuma Steam ɗin ɓangarorin biyu sai yana kan intanet. Yana aiki a kan Wi-Fi, amma a kan kebul ne ake cin moriyarsa. Duk da haka, ba a fafe gora ranar tafiya: a aika wa kowa sunan wasanni kwana uku kafin ranar, a ce ya sauke, ya sabunta, ya buɗe ya ga ya tashi. Windows ma a sabunta shi tun a gida.

Inda Wi-Fi ke da gaskiya

In ku uku ne ko huɗu, kowa da laftof, a ɗaki ɗaya da rawuta, kuma wasan ba na saurin hannu ba ne, to Wi-Fi ya wadatar. Minecraft, OpenTTD, Terraria, wasannin da ake bi da bi irin su Civilization, babu wanda jinkirin milisakan 40 zai ɓata wa rai a cikinsu. Babu abin saye, babu igiya a ƙasa da wani zai harɗe da ita, kuma in kun tashi ɗakin ya koma yadda yake cikin minti biyar. Ƙari a kan haka, laftof ɗin yanzu da yawa sun yi siriri har ba su da ramin kebul ɗin, wayar hannu da ƙananan na'urorin wasa na hannu kuma dama Wi-Fi suka sani.

In wannan ka zaɓa, kowa ya hau zangon gigahaz 5. Ba ya ratsa bango kamar 2.4, amma tashoshinsa sun fi yawa kuma cunkosonsa ya fi sauƙi, ku kuma a ɗaki ɗaya kuke. A ɗora rawutar a sama, a fili, kada a cusa ta bayan talabijin. Wayoyin hannu su sauka ko su koma 2.4. Wanda zai riƙe wasan a kwamfutarsa, shi kam a soka masa kebul ko da shi kaɗai ne, domin saƙon kowa ta wurinsa yake bi. Rawuta mai Wi-Fi 6, wanda ya fito a 2019, ta fi iya rarraba iska tsakanin na'urori da yawa, amma sai in kwamfutocin su ma suna da shi.

Abu ɗaya da ke yawan kayar da masu Wi-Fi: kada a ba baƙi layin baƙi. A yawancin rawutoci an tsara wannan layin ne musamman don na'urorin da ke kai su ga intanet amma kada su ga juna, wanda shi ne kishiyar abin da kuke so. Mutum biyun nan da suka kasa ganin wasana a ranar farko, kalmar sirrin layin baƙi na ba su da hannuna. Wi-Fi ɗin otal da na wuraren taro ma galibi haka yake. Shi kuwa buɗe Wi-Fi daga laftof ko wayar hannu a ce kowa ya hau, dabarar dole ce kawai. Na Windows na'ura 8 ne iyakarsa.

Abin da kebul ke nema daga gare ka

Kafin ka sayi komai, juya rawutar gidanka ka duba bayanta. Yawanci akwai ramuka huɗu masu launi ɗaya da aka rubuta wa LAN, da guda mai wani launi na shigowar intanet. Ramuka huɗun nan ƙaramin suwic ne. In ku huɗu ne, kebul huɗu kawai kake nema. A duba dai ko gigabit ne, domin tsofaffin rawutoci da yawa a megabit 100 suka tsaya. Wannan ya ishi wasa, a kwafa ne yake jan ƙafa.

In kun haura huɗu, sai suwic. Ana yin su da ramuka 5, 8, 16, 24 har 48. Ka tuna rami ɗaya na rawuta ne, don haka mai 8 mutum bakwai yake ɗauka. Ka ɗauki wanda ya fi yawanku da rami biyu ko uku, domin kullum sai wani ya zo da ƙaninsa. Akwai suwic mai saituna da marar saituna. A zaman farko marar saituna kake so, wanda ake jona wa wuta a soka kebul shi ke nan. Ka tabbata dai an rubuta gigabit a jikinsa.

Kebul kuwa, nau'in da ake kira Cat5e yana ɗaukar gigabit 1 har mita 100, kuma babu ɗakin da zai kai haka. Cat6 na iya ɗaukar gigabit 10 a tazarar da ba ta wuce mita 55 ba, amma tunda suwic ɗinka gigabit 1 ne ba za ka ga bambanci ba. Duk wanda ya samu a cikin biyun ya yi. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne tsawo da lafiyar kan. Ka auna ta inda kebul ɗin zai bi, gefen bango da ƙarƙashin tebur, ba tsaye daga suwic zuwa kujera ba, sannan ka ƙara mita biyu. Kan da ɗan harshensa ya karye ba ya kamawa, ƙafa ɗaya ta taɓa shi ya zare. Ga wani sirri kuma: gigabit na amfani da duk siraran wayoyi takwas da ke cikin kebul, megabit 100 kuwa huɗu kawai. In ɗaya daga cikin sauran huɗun ta tsinke, haɗin ba ya mutuwa, sai ya sauka zuwa 100 shiru. In ka ga kwafar mutum ɗaya ta maƙale a megabayit 11, canza masa kebul kafin ka zargi kwamfutarsa. Mai laftof marar rami ya nemi ɗan abin jonawa daga USB zuwa kebul, na USB 3 mai gigabit, don na USB 2 da yawa a 100 suke tsayawa. Tsohuwar maganar nan ta kebul na musamman don haɗa kwamfuta biyu kai tsaye ta wuce. Ramukan gigabit suna daidaita kansu.

Kebul ma yana da nasa aljanun, kuma guda biyu ne suka fi shahara.

Na farko shi ne adireshi. Kowace kwamfuta na buƙatar adireshinta, kuma rawuta ce ke raba su ta hanyar da ake kira DHCP. Saboda haka ko babu intanet, ka jona rawutar da suwic daga ɗaya cikin ramukanta na LAN don ta yi wannan aikin. In ka ga adireshin wani ya fara da 169.254, kwamfutarsa ta nemi mai rabawa ba ta samu ba, ta laƙa wa kanta. In kuma wani ya kawo tasa rawutar don a ƙara ramuka, a kashe DHCP ɗinta kafin a jona, in ba haka ba masu rabo biyu za su raba ɗakin gida biyu, rabi na ganin juna, rabi ba sa gani.

Na biyu ya same mu a zama na uku. Muna tsakiyar wasa komai ya tsaya cik, kowa lokaci guda. Na leƙa ƙarƙashin tebur na ga fitilun suwic duka suna ƙyaftawa tare da sauri kamar masu zazzaɓi. Muka kashe muka kunna, daƙiƙa kaɗan abin ya dawo. Rabin awa muna zargin ƙwayar cuta a kwamfutar wani. Ashe ɗaya daga cikinmu ne, mai son taimako, ya ga kan kebul a yashe a ƙasa ya ɗauka ya soka a ramin da babu kowa, bai san ɗaya kan dama a suwic ɗin yake ba. Saƙonnin sanarwa suka shiga zagaye ba fita, suna ninkuwa har suka toshe komai. Suwic mai saituna yana da hanyar gane wannan ya rufe ramin, yawancin marasa saituna ba su da ita. Maganinsa a zare kebul ɗaya bayan ɗaya har fitilun su lafa. Da na zaro shi na ɗaga, mutumin ya ce, "Au, ni fa gyara na yi." Tun ranar nake naɗa salatif a kai biyun kowane kebul in rubuta lamba ɗaya.

Akwai kuma matsalar da ba ta zaɓar hanya. Windows na ɗaukar sabuwar hanyar sadarwa a matsayin ta jama'a, sai katangar tsaronsa ta hana wasu ganin kwamfutar. A mayar da ita ta gida, kuma in wasa ya nemi izini a ba shi. Wanda ya soka kebul ya kashe Wi-Fi ɗinsa da duk wani VPN, wato manhajar da ke karkatar da hanyar intanet, don wasu wasannin ta hanyar da ba ita ba suke leƙawa. In duk da haka wasa bai fito a jeri ba, mai riƙe da shi ya rubuta ipconfig ya karanto adireshinsa, sauran su shigar da hannu. Minecraft na Java yana nuna lambar ƙofar da ya buɗe a wurin hira, a haɗa da ita.

Wasan da kuka zaɓa na iya rushe duk wannan

Kana iya ja wa kowa kebul mai kyau amma wasan ya ƙi zama a ɗakin. Fortnite, Valorant, League of Legends da makamantansu a kan sabar kamfani suke gudana, don haka ko kafaɗarku na gugar juna, saƙonku sai ya fita intanet ya dawo. A nan kebul zai cire muku tsalle-tsallen Wi-Fi kawai, sauran kuma ya rage ga layin intanet ɗinku, in ya yanke wasa ya ƙare. Wannan sauyi ya daɗe da farawa: StarCraft na 1998 yana da LAN, StarCraft II na 2010 ya fito babu shi, kuma 'yan wasa sun yi ta ƙorafi a lokacin.

Don zaman farko na fi son wasan da ke gudana a cikin ɗakin kacokan, marar nauyi, wanda kwamfutar da ta fi kowace rauni za ta iya ɗauka. Da raunanniyar ake auna zaɓi, domin mai ita ne zai koma kallo in aka yi kuskure. Xonotic na harbi ne, kyauta, yana tashi a Windows da Linux da macOS, kuma ba a ma girka shi, kwafe jakar ake yi daga filash a buɗe. OpenArena an gina shi ne a kan injin Quake III Arena, wanda kamfanin id Software ya saki lambobin manhajarsa ga kowa a 2005. Masu son gina gari da tara runduna suna da 0 A.D. da OpenRA. SuperTuxKart na tsere ne, ya samu wasan haɗin kwamfutoci a sigarsa ta 2019, kuma shi ne wanda ko wanda bai taɓa wasa ba yake shiga ya yi dariya. StarCraft na asali ya zama kyauta a 2017. Counter-Strike 1.6 na 2003 har gobe yana da shafin LAN a jerin sabobinsa, sai dai kowa ya mallaki nasa. Tsofaffi sosai kuwa suna da ɗan aiki: masu amfani da IPX, tsarin haɗa kwamfutoci na zamanin Doom, ba sa gane juna a Windows na yanzu sai da ƙarin manhaja, tunda an cire IPX tun daga Windows Vista. Kada ka sa irinsu a daren farko sai ka gwada su da kwamfuta biyu tukuna.

Wasa biyu ko uku sun isa. In aka jera goma, muhawara za a kwana yi.

Wutar lantarki

Wannan ba ya cikin gardamar kebul da Wi-Fi, amma yana iya kashe duka biyun. Kwamfutar tebur ta wasa da allonta takan ja wat 300 zuwa 600 in wasa ya yi zafi, laftof na wasa wajen 150 zuwa 300, laftof na aiki kuwa 45 zuwa 65. Inda wuta take bolt 230, abin jona soket mai amfiya 13 iyakarsa kusan wat 3,000. Inda take bolt 120, layi mai amfiya 15 wat 1,800 ne, kuma ba a so a cika shi na tsawon sa'o'i. Kwamfutocin tebur takwas masu jan wat 400 sun kai 3,200, sun haura duka biyun. Soket-soket na ɗaki ɗaya kuma sau da yawa layi ɗaya suke sha, don haka raba fulogi a bango biyu ba lallai ya raba nauyin ba. A jawo wani layin daga wani ɗaki. Kada a jona abin ƙarin soket a jikin wani, kuma doguwar wayar wuta mai naɗi a warware ta duka, don a naɗe zafi take tarawa. Duk wat ɗin nan zafi yake komawa, ga kowane mutum a zaune yana ƙara kusan wat 100 na jikinsa. A tanadi iska.

To wanne?

Ku uku ko huɗu, laftof, wasa mai natsuwa: Wi-Fi a gigahaz 5, mai riƙe da wasa a kan kebul. Ku huɗu amma wasan harbi ko tsere: ramukan bayan rawuta da kebul huɗu, babu buƙatar suwic. Daga biyar zuwa sama ban ƙara yarda da Wi-Fi ba ko wane wasa ne, domin ko wasan ya jure, kwafa da sabuntawa ba za su jure ba. Suwic mai rami 8 na ɗaukar bakwai, mai 16 na ɗaukar goma sha biyar, Wi-Fi kuma a bar wa wayoyin hannu. In tebura biyu ne masu nisa da juna, a ajiye ƙaramin suwic a kowane, a haɗa su da kebul ɗaya tak, a sa sabar wasan a wanda ke jone da rawuta. In kun doshi ashirin, aikin ya canza kama: suwic mai saituna, kwamfuta guda da aka ware don riƙe wasa kawai, wata mai LanCache da ke ajiye abin da mutum ɗaya ya sauke don sauran su ɗauka daga gare ta, da wanda ya san wutar ginin. Wannan ba na zaman farko ba ne.

Ni yanzu daren jajibiri nake shimfiɗa komai. Ina bin gefen bango da kebul, inda ya ratsa hanya in danne shi da salatif mai faɗi, in ɗauki laftof ɗaya in bi kowane kai in soka in ga ya nuna gigabit. Kebul biyu na ajiya suna cikin jaka, ba a ƙasa ba. Ramukan suwic da suka rage babu kowa kuma, su ma salatif nake manna musu.